Kofin Wightman: Gasar da Aka Nufa da Matan Duniya, Ta Tsaya a Ƙasashe Biyu

Ranar 11 ga Agusta, 1923, aka buɗe sabon filin wasan tanis a unguwar Forest Hills da ke birnin New York. Ginin siminti ne mai siffar kofaton doki, yana cin mutum kimanin 14,000, kuma kulob ɗin West Side ne ya gina shi. Waɗanda suka fara taka ciyawarsa da sunan gasa mata ne: Helen Wills, 'yar shekara 17 daga Kalifoniya, da Kitty McKane ta Ingila. Wills ta ci 6-2, 7-5. Kafin a tashi daga taron, matan Amurka sun cinye karawa bakwai ɗin da aka yi duka, ba su bar wa baƙinsu ko ɗaya ba. Kofin da aka miƙa musu na azurfa ne, dogo, irin wanda ake zuba furanni a ciki. Kyaftin ɗin tawagar Amurka, wadda ita ma ta shiga fili ta buga, ita ce ta saye shi da kuɗinta 'yan shekaru kafin nan. Sunanta Hazel Hotchkiss Wightman.

Wanda ya ga taron ranar zai ɗauka burin matar nan ya cika, amma ko rabinsa bai cika ba. Ita gasa ta nema wadda kowace ƙasa za ta turo matanta, kamar yadda maza ke da Kofin Davis tun 1900. Abin da aka ba ta shi ne karawa tsakanin Amurka da Birtaniya kaɗai, bana a nan, baɗi a can. Sai da aka yi shekara 40 cif, a 1963, sannan aka buga irin gasar da ta roƙa tun farko. Tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan nazari ita ce: me ya ci waɗannan shekaru 40, alhali ga 'yan wasa, ga 'yan kallo, ga kofi ma an riga an saya?

Yarinyar da ta koyi wasa a kan tsakuwa

An haifi Hazel Hotchkiss ranar 20 ga Disamba, 1886, a garin Healdsburg na jihar Kalifoniya, daga baya iyayenta suka koma Berkeley. A tsakar gidansu ta koyi tanis tare da 'yan'uwanta maza. Wurin ba fili ba ne na kirki, tsakuwa ce shimfiɗe, idan ƙwallo ta faɗi ƙasa Allah kaɗai ya san inda za ta nufa. Sai yaran suka saba da tare ta tun tana sama, kafin ta sauka. Wannan larura ce ta zame mata makami. A zamanin da yawancin mata ke tsayawa can ƙarshen fili suna jiran ƙwallo ta zo ta same su, ita gaba take matsowa dab da raga, ga ta 'yar gajera, tana kashe ƙwallo tun abokiyar karawa ba ta gyara tsayuwa ba. Shekara uku a jere, 1909 da 1910 da 1911, tana zuwa Philadelphia tana share gasar Amurka ta kowane ɓangare: wasan ɗaiɗai, da na bibbiyu na mata, da na bibbiyu mace da namiji.

A 1912 ta auri George Wightman ta koma Boston. Wannan ƙaura tana da muhimmanci a labarin nan, domin a Boston ɗin, a kulob ɗin Longwood, aka buga Kofin Davis na farko a 1900, bayan wani ɗalibin jami'ar Harvard mai suna Dwight Davis ya sayi kofi ya ce a zo a kara tsakanin Amurka da Birtaniya. Gasar tasa ba ta tsaya a ƙasashe biyu ba. Cikin 'yan shekaru Faransa da Beljiyam da 'yan Ostireliya suka shigo, abu ya yi ta bunƙasa. Hazel tana zaune a garin da aka haifi wannan abu, ta ga yadda kofi ɗaya da niyyar mutum ɗaya suka zama gasar duniya. Ba abin mamaki ba ne ta ce a ranta, abin da ya yi wa maza zai yi wa mata.

A 1919, tana matar aure mai 'ya'ya, ta sake cin kambun Amurka karo na huɗu. A shekarar ce kuma wata 'yar Faransa mai shekara 20, Suzanne Lenglen, ta girgiza Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, inda ta doke Dorothea Lambert Chambers, wadda ta taɓa cin gasar sau bakwai, da ci 10-8, 4-6, 9-7, bayan ta kuɓuta daga bakin faɗuwa har sau biyu. Labarin wasan ya zaga duniya. A wannan yanayi Hazel ta fito da shawararta, ta sayi kofin a Boston, ta miƙa wa hukumar tanis ta Amurka. Faransa na cikin ƙasashen da ta fi sa rai da su, don a ga Lenglen tana bugawa da sunan ƙasarta. Shawarar ta isa gaban hukumar tanis ta duniya, wadda aka kafa a Paris a 1913, aka ƙi ta. Kofin ya koma ajiya.

Abin da ya fito da kofin daga ajiya

Ya kamata a faɗi yadda aka yi aka tuna da shi, domin a nan ake fara gane inda matsalar take. Ba wani sauyin ra'ayi aka samu kan wasan mata ba. An gina katafaren fili ne a Forest Hills, ana neman taron da za a buɗe shi da shi, ga kuma gasar matan Amurka da za a yi a filin a watan Agustan, wadda dama matan Ingila za su iya tsayawa su buga. Tafiya ɗaya, buƙata biyu. Da lissafin ya zo daidai, sai ga abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu cikin 'yan watanni.

Tsarin da aka ɗora gasar a kai shi ne karawa bakwai. Manyan 'yan wasa biyu na kowace ƙasa kowacce za ta kara da manyan biyun ɗaya ɓangaren, huɗu ke nan. Ta ukun wannan ta haɗu da ta ukun waccan, biyar. Sai wasan bibbiyu guda biyu. Wanda ya fara samun huɗu ya ɗauki kofi. Tare da Hazel da Wills a tawagar farko akwai Eleanor Goss da Molla Mallory, haifaffiyar Norwe wadda ta ci kambun Amurka sau takwas a rayuwarta. Birtaniya ta kawo McKane da Phyllis Covell da Geraldine Beamish da Mabel Clayton.

Duk da 7-0 ɗin farko, shekarun da suka biyo baya sun nuna gasa ce ta gaske. A 1924 aka je Wimbledon, matan Birtaniya suka rama da 6-1, har Wills ta faɗi a wasanninta biyu na ɗaiɗai. Ɗayan da Amurka ta tsira da shi na bibbiyu ne, Hazel da Wills, uwar ɗaki da ɗalibarta, waɗanda a bazarar nan suka ci Wimbledon tare, suka wuce Paris suka ɗauki zinare a gasar Olamfik. A 1925 Birtaniya ta zo har Forest Hills ta ci 4-3, kuma cikin waɗanda suka ciyo mata akwai Lambert Chambers, tana da shekara 46, ta doke Eleanor Goss. Zuwa 1930 an buga sau takwas, kowace ƙasa ta ci huɗu, kuma biyar daga cikin takwas ɗin da 4-3 aka tashi. Duk wanda ya ce mata ba za su iya riƙe gasar ƙasa da ƙasa mai armashi ba, waɗannan shekaru takwas sun ba shi amsa.

To me ya hana sauran ƙasashe?

Ni dai a ganina amsar tana cikin tambaya ɗaya: wa zai biya kuɗin jirgi? A wancan zamani manyan gasannin tanis na 'yan sha'awa ne, doka ta hana ɗan wasa karɓar lada. Wanda zai tsallaka teku ya buga wa ƙasarsa, ko dai ɗan masu hali ne, ko kuma hukumar ƙasarsa ce za ta ɗauki nauyinsa. Tafiyar jirgin ruwa daga Ingila zuwa New York kusan mako guda ce, daga Ostireliya zuwa Turai kuwa sai an haura wata. Ga masauki, ga abinci, ga kuma al'adar lokacin cewa 'yan mata ba sa doguwar tafiya sai da babbar mace mai kula da su, wato ƙarin baki ɗaya a lissafi. Hukumomin, waɗanda maza ne ke riƙe da su, sun saba kashe irin wannan kuɗi a kan Kofin Davis, domin wasanninsa na ƙarshe suna cika fili, kuɗin ƙofa na dawowa aljihun hukuma. A 1923 ɗin da aka fara Kofin Wightman da ƙasashe biyu, Kofin Davis ya yi yawan da sai da aka raba shi shiyya biyu, ta Turai da ta Amurka. Kuɗin tafiya dai akwai shi. Waɗanda za a kashe wa ne aka zaɓa.

Hujjar cewa wasan mata ba ya jan 'yan kallo kuwa ba ta da ƙafa ko a wancan lokacin. Cunkoson masu son ganin Lenglen na cikin abubuwan da suka sa tsohon filin Wimbledon ya yi kaɗan, aka koma sabon wuri a 1922. A watan Fabrairun 1926, da Lenglen da Wills suka haɗu a garin Cannes na Faransa, a wani ƙaramin kulob, mutane har kan rufin gidaje da bishiyoyi suka hau don su hango. Lenglen ta ci 6-3, 8-6. Wannan ita ce karawa ɗaya tilo da manyan 'yan wasan zamanin biyu suka taɓa yi a wasan ɗaiɗai, don a shekarar Lenglen ta koma buga wasan kuɗi, ƙofar gasannin 'yan sha'awa ta rufe mata. Da an karɓi shawarar Hazel a lokacin da ta kawo ta, da akwai dandalin da zai iya haɗa su da sunan Faransa da Amurka. Matar da aka sayi kofin ana tunaninta ba ta taɓa buga masa ko wasa ɗaya ba.

Wani abu ya ƙara dagula lamarin. Bayan gasar Paris ta 1924 aka cire tanis daga Olamfik, bai dawo a matsayin wasan lambar yabo ba sai 1988. Wato mace in ba Ba'amurkiya ko 'yar Birtaniya ba ce, ba ta da wata babbar gasa ta duniya da za ta shiga da tutar ƙasarta. Kuma ba a rasa gwanaye ba. Lilí Álvarez ta Sifaniya ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon sau uku a jere daga 1926. A 1931 Jamusawa biyu, Cilly Aussem da Hilde Krahwinkel, su suka buga wasan ƙarshe a can. Simonne Mathieu ta ci gasar Faransa a 1938 da 1939. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1937. A wannan bazara an buga Kofin Wightman a Forest Hills kamar yadda aka saba. Bayan 'yan makonni, a filin nan dai, aka zo wasan ƙarshe na gasar Amurka, sai ga shi babu Ba'amurkiya babu 'yar Birtaniya: Anita Lizana ta ƙasar Chile ce ta doke Jadwiga Jędrzejowska ta Poland. Matan da suka fi kowa a filin a shekarar, ba ɗayarsu da ke da hurumin taɓa kofin da aka saya domin matan duniya.

Matan Ostireliya su ma sun nuna niyya tun da wuri. A 1925 da 1928 sun yi doguwar tafiyar ruwa zuwa Turai da kuɗin da jama'a suka taimaka aka tara, kuma a tafiya ta biyu Daphne Akhurst ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon. Suna buga wasannin sada zumunta da ƙasashen da suka ratsa, amma babu kofi, babu tsari mai ɗorewa, in an dawo gida sai a jira wata shekarar da Allah zai sa a sake samun kuɗi.

Da gasar ta zama ta mutum ɗaya

Daga 1931 zuwa 1957 Birtaniya ba ta sake cin kofin ba. Sau 21 a jere Amurka na ɗauka, in an cire shekarun yaƙin duniya na biyu, 1940 zuwa 1945, da ba a buga ba. Bayan yaƙin ratar ta zama abin tausayi. Ingila ta fito a jigace: bam ya faɗa kan babban filin Wimbledon a 1940, 'yan matan da ya kamata su taso da raket a hannu sun tashi cikin aikin yaƙi, kuma an ci gaba da rabon abinci da kati har 1954. A Amurka kuwa ba a daina gasar ƙasa ba ko shekara ɗaya, filayen Kalifoniya da Fulorida a buɗe suke rani da damina. Sai ga Pauline Betz da Louise Brough da Margaret Osborne da Doris Hart, daga baya Maureen Connolly, suna zuwa suna cin 7-0, 7-0, in an yi sa'a 6-1. Brough ta buga karawa 22 a wannan kofi ba ta faɗi ko ɗaya ba.

A nan aibin tsarin ƙasashe biyu ya fito fili. Gasar da ke da ƙasashe da yawa, in ɗaya ta yi sanyi wata za ta taso. Haka ya faru a Kofin Davis, inda Faransa ta karɓa daga Amurka a 1927, Birtaniya ta karɓa daga Faransa a 1933, Ostireliya ta mamaye shekarun 1950. Kofin Wightman ba shi da wannan mafita. In ɗaya ɓangaren ya raunana, babu wanda zai maye gurbinsa.

Shi ya sa abin da ya faru a 1958 ya zama babban labari a Ingila. Althea Gibson, baƙar fata ta farko da ta ci Wimbledon kuma ta farko da ta shiga tawagar Amurka a wannan kofi, ita ce ta fi kowace mace a duniya a lokacin. Aka haɗa ta da Christine Truman, doguwar yarinya 'yar shekara 17 mai ƙarfin bugun dama. Gibson ta ci turmin farko, wato zagayen farko na wasan, 6-2, kowa ya ɗauka an gama. Truman ta dawo ta ci biyun da suka rage 6-3, 6-4, Birtaniya ta ɗauki kofin da 4-3, karo na farko tun 1930, wato tun kafin a haifi ita Truman ɗin. Matan Birtaniya sun sake ci a 1960. Amma a daidai wannan lokaci wadda ke cin Wimbledon 'yar Birazil ce, Maria Bueno, kuma a Ostireliya wata yarinya mai suna Margaret Smith ta fara cin gasar ƙasarta tana da shekara 17. Ƙarfin wasan mata ya riga ya bazu inda kofin ba ya kaiwa.

Matan da suka sake tayar da maganar

Wadda ta fi kowa nacewa a wannan karo ita ce Nell Hopman, 'yar Ostireliya, matar Harry Hopman, shahararren kyaftin ɗin maza a Kofin Davis. Ta san bambancin daga cikin gida: tana ganin yadda ake ɗaukar nauyin tawagar mijinta kowace shekara, ita kuma da ta buga a tawagar mata ta 1938 ta san wahalar da ake sha kafin a tura mata waje. Ita ce ta riƙa raka Maureen Connolly a tafiye-tafiyenta, har suka ci wasan bibbiyu na gasar Faransa tare a 1954. A Amurka Margaret Osborne duPont ta sa hannu a yunƙurin, haka ma Thelma Coyne Long ta Ostireliya. Sai Mary Hardwick Hare, tsohuwar 'yar tawagar Birtaniya a Kofin Wightman da ke zaune a Amurka, ta tattara shaidar goyon bayan da shawarar ke da shi a ƙasashe daban-daban, ta ajiye a gaban hukumar duniya a 1962.

Akwai wani abu game da Nell Hopman da bai kamata a tsallake ba, don yana nuna irin matsin da matan nan ke ciki. Da ta jagoranci tawagar matan Ostireliya zuwa Turai a 1961, ta matse bakin aljihu matuƙa, a masauki da abinci, har tafiyar ta dawo wa hukuma da riba. Margaret Smith ba ta ji daɗin wannan tafiya ba, shekara mai zuwa ta ƙi bin tawagar, ta yi tafiyarta daban. Ina ganin kowaccensu da gaskiyarta. Yarinyar da ke buga wasa a matakin duniya tana da haƙƙin a kula da ita yadda ya kamata. Ita kuma Nell ta shafe shekaru tana jin ana cewa tura mata asara ce, ta ƙudura sai ta nuna wa masu riƙe da asusu cewa ba haka ba ne. Laifin yana kan waɗanda suka sa mata a halin da sai sun tsuke cikinsu kafin a yarda su wakilci ƙasarsu.

Hukumar duniya ta amince, kuma a nan ma sai da wata buƙata tata ta zo daidai: a 1963 take cika shekara 50 da kafuwa, tana son abin da za ta yi bikin da shi. Aka sa wa gasar suna Kofin Federation. Abin lura shi ne yadda aka tsara ta don kashe maganar kuɗin nan da ta hana ruwa gudu. Maimakon a yi ta zirga-zirga daga ƙasa zuwa ƙasa tsawon watanni irin na Kofin Davis, sai aka ce kowa ya hallara wuri ɗaya, a gama cikin mako guda. Maimakon karawa bakwai, uku kawai: ɗaiɗai biyu, bibbiyu ɗaya, ta yadda ƙasar da ke da 'yan wasa biyu rak za ta iya shiga. Sannan aka sa ta a Landan, mako guda kafin Wimbledon, lokacin da dama matan suna garin. Babu kuɗin lada, kowace tawaga ita ke ɗaukar nauyin kanta. Ba wani sabon ilimi a cikin wannan tsari. Da an so, da tun a shekarun 1920 an yi shi.

Queen's Club, Yunin 1963

Ƙasashe 16 suka zo kulob ɗin Queen's da ke yammacin Landan, daga 17 zuwa 20 ga Yuni. Yawancinsu na Turai ne, har da Hungari da Chekoslobakiya daga ɓangaren 'yan gurguzu, sai Amurka da Kanada da Ostireliya. Daga nahiyar Afirka ƙasa ɗaya ce, Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, da tawagar farare zalla, kuma shigarta gasar ta zama abin rikici daga baya, musamman bayan an kai gasar Johannesburg a 1972.

Ruwan sama ya hana a yi wasan ƙarshe a kan ciyawa, aka koma cikin zaure mai daɓen katako, inda ƙwallo ke zamewa da gudu ƙasa-ƙasa. Amurka da Ostireliya ne suka rage. Margaret Smith, mai shekara 20, ta fara da share Darlene Hard 6-3, 6-0. Sai aka zo kan Lesley Turner da wata 'yar shekara 19 mai tabarau daga Long Beach ta Kalifoniya, Billie Jean Moffitt. Turner ta ci turmin farko 7-5, wato saura turmi ɗaya kofin ya tafi Ostireliya. Moffitt ta juyar da wasan, 6-0, 6-3. Magana ta koma kan bibbiyu, kuma matan huɗun nan dai su suka sake fitowa. Smith da Turner suka ci turmin farko 6-3. A lokacin ba a ƙirƙiro hanyar raba gardama ta gaggawa ba, turmi ba ya ƙarewa sai wani ɓangare ya ba da ratar biyu, don haka na biyun ya yi ta tafiya, takwas-takwas, goma-goma, sha ɗaya-sha ɗaya, har Hard da Moffitt suka ƙwace shi 13-11. Suka ƙarasa na uku 6-3. Bayan kusan mako uku Smith ta rama a kan Moffitt a wasan ƙarshe na Wimbledon, ta zama 'yar Ostireliya ta farko da ta ci gasar.

Abin da Kofin Wightman ya kasa samu cikin shekara 40, sabuwar gasar ta same shi nan da nan, wato hannu da yawa a kan kofi. Ostireliya ta ci a 1964 a Philadelphia, ta sake ci a 1965 a Melbourne. Jamus ta Yamma ta kai wasan ƙarshe a 1966, Holan a 1968. A 1975 Chekoslobakiya ta ɗauka, da wata 'yar shekara 18 mai buga hagu, Martina Navratilova. Nell Hopman ta ga shekaru biyar na farko kafin rasuwarta a watan Janairun 1968. An taƙaita sunan gasar zuwa Fed Cup a 1995, sannan a 2020 aka sa mata sunan yarinyar nan mai tabarau ta Queen's Club, wadda duniya ta sani da Billie Jean King.

Ban yarda a ce Kofin Wightman ɓata lokaci ba ne. Shi ya nuna, shekara bayan shekara, cewa mata na iya buga wa ƙasa a cika fili, kuma matan da suka ja ragamar yunƙurin 1962, irin su Hardwick Hare da duPont, a cikinsa suka san daɗin bugawa a tawaga. Amma ina kuma ganin ya ba manyan hukumomi biyu, na Amurka da na Birtaniya, waɗanda muryarsu ta fi ta kowa nauyi a harkar, abin da za su nuna su ce matanmu na da nasu kofin. Waɗanda ke da ƙarfin matsawa a buɗe ƙofa su ne waɗanda ba su da buƙatar a buɗe ta.

Hazel kanta ba ta daina hidimar wasan ba. Ta buga a gasar sau biyar, ta yi kyaftin sau 13, na ƙarshe a 1948. Gidanta na Chestnut Hill, kusa da Longwood, ya zama masaukin 'yan wasa mata duk lokacin da aka zo gasa a Boston, kuma a garejin motarta take koya wa yara bugu kyauta. Tana da shekara 76 lokacin da aka buga Kofin Federation na farko. A 1973, da kofinta ya cika shekara 50, aka kawo karawar Longwood, Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar girmamawa ta CBE. Ta rasu ranar 5 ga Disamba, 1974.

Kofin nata ya ƙara shekara 15 bayanta. Birtaniya ta ci na ƙarshe a 1978 a zauren Royal Albert Hall na Landan, inda Virginia Wade da Sue Barker suka doke Chris Evert da Pam Shriver a karawa ta bakwai. Daga nan Amurka ta ci sau 11 a jere. A 1989, a garin Williamsburg na jihar Virginia, Amurka ta saka Jennifer Capriati, 'yar shekara 13, ta ci wasanta 6-0, 6-0, aka tashi 7-0 kamar yadda aka tashi a 1923. A farkon 1990 hukumomin biyu suka sanar da dakatar da gasar, Amurka na da 51, Birtaniya na da 10, kuma ba a sake buga ta ba.